Lambobin da Ba Su da Kaya

Shekara talatin da ɗaya Baba Sito ya yi yana riƙe da makullin ƙofa ɗaya. Sito ne na kayan famfo da na wuta, a ƙarshen wani layi da ba mai shiga sai da dalili, rufinsa kwano ne mai nisa har tantabaru sun mai da shi gida. Da dako ya fara a wurin yana saurayi, bututu a kafaɗa. Daga dako aka ba shi biro, daga biro aka ba shi makulli, sunansa na yanka kuwa ya ɓace a hanya. Layi goma sha biyu ne a ciki, kowane layi kanta biyar daga ƙasa zuwa sama, amma ko daga barci ka tashe shi ka ce ina kan famfo mai inci ɗaya, zai gaya maka layi, ya gaya maka kanta, ya ƙara maka da cewa kwalin gaba ya sha ruwa tun damina, ka ɗauki na baya.

Mutum ne marar yawan magana, ga taurin kai na bugawa a jarida. Matarsa ta rasu tun 'yarsu tana firamare, aka yi aka yi ya ƙara aure ya ƙi, sai ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta dawo gidan ta riƙe yarinyar. Rabin ƙuruciyar yarinyar nan a sito ta yi shi, a kan kwali take aikin makaranta. Ta girma ta yi karatun kwamfuta, ta yi aure a wata unguwa, 'yan dako suka laƙaba mata Injiniya. Shi kuwa Uwata yake ce mata, ko da yana cikin fushi ne.

Mantuwa ta fara masa kaɗan-kaɗan. Rannan ya loda wa wani ɗan kwangila wayar wuta alhali tiyo ya rubuto. Wata rana kuma Dogo, mai tuƙa motar ɗaga kaya, ya tarar da shi tsaye a tsakiyar layi na bakwai da takarda a hannu, yana juyi kamar baƙo. Manajan wurin ba mugu ba ne, gaskiya dai gaskiya ce, amma shi ma akwai waɗanda ke tsaye a kansa. Ya kira Injiniya gefe ya ce mata za su sayo manhajar ƙasar waje, wadda kowane ma'aikaci zai shiga da lambar sirrinsa, duk wanda ya yi kuskure a ga sunansa ɓaro-ɓaro. In aka sake samun irin ta ɗan kwangila, sai dai Baba ya je gida ya huta.

Huta? Injiniya ta san ubanta. In aka raba shi da makullin nan, ba zai kai baɗi ba. Nan take ta ce, "Yallaɓai, ba sai kun je waje ba. Ba ni wata uku, ni zan gina muku."

Wata ukun nan ta yi su tana bin Baba layi-layi da littafi a hannu. Kowace kanta ta sami sitika, 'yar farar takarda mai baƙaƙen layuka da lamba a ƙasa, kowane kwali ma haka. Aka sayo sikana huɗu, masu kama da tocila da ɗan allo a baya. Ka haska jan haske a kan sitika, ta ce ƙit, allo ya nuna maka sunan kaya da yawansa da inda yake kwana. In lambar ba ta cikin tsari, sai ta yi wani dogon kuka marar daɗi. Ta sa rubutun ya zama ƙato-ƙato saboda idon Baba.

Abu biyu ta yi da gangan. Ba ta sa lambar sirri ba, don ta san wa zai manta da tasa. Kuma ta sa duka sikana huɗun su riƙa kai rahoto ga kwamfuta da suna ɗaya, yadda in kuskure ya fito ba wanda zai ce daga hannun wane ya fito. Da manaja ya tambaya, ta ce masa hakan ya fi sauri. Ƙarya ta yi masa, kuma ba ta ji kunya ba.

Shi ma Baba ya roƙi abu biyu. Yana son sitika marasa suna, don kayan da ke zuwa ba lamba; ta yi masa, ta sa lambobinsu su fara da tara biyu don a gane su. Yana kuma son wurin rubuta bayani, yadda ya saba rubutawa a jikin kwali, "wannan murfinsa ya tsage". Ta yi masa wannan ma, sai dai lokaci ya ƙure mata, ta bar bayanin yana zama a cikin sikanar da aka rubuta shi kaɗai, ba ya zuwa kwamfuta. Ta ce za ta gyara daga baya. Kowa dai ya san "daga baya" ta masu aikin kwamfuta.

Abin ya yi kyau, ba laifi. Baba da ya taɓa rantsewa ba na'urar da za ta koya masa sitonsa, shi ne ya zama ba ya ajiye sikana. Kuskure ya ɗauke ƙaf. Dogo yana tsokanarsa wai tsoho ya yi sabuwar amarya, shi kuma ya ce masa ya ji da doguwar ƙafarsa. Manaja ya ɗauki Injiniya ta riƙa zuwa kullum da safe tana duba tsarin. Wata biyar aka yi haka, hankalinta kwance.

A wata na shida ne ta lura da su. Tana duba rahoton safe sai ta ga lamba mai tara biyu, ba sunan kaya, ba kanta, yawa sifili. Ta ce ƙila wani ne ya manna sitika ya manta bai shigar da kaya ba. Kashegari ta ga uku. Da ta koma baya ta tace rahoton watanni, sai ga su rututu, arba'in da uku, kowace ana haska ta a kai a kai, kuma ba ko ƙusa ɗaya a ƙarƙashinsu.

Lokutan ne suka fi ɗaure mata kai. Wasu ƙarfe shida na safe, sito kuwa sai bakwai da rabi ake buɗewa. Wasu da hutun azahar, lokacin da ake kulle ƙofa kowa ya fita. Wasu ranar Lahadi, tun safe har yamma. Ga shi sikana huɗun a durowar ƙarfe suke kwana, Baba ne ke kulle su da hannunsa, shi ne ƙarshen fita, shi ne farkon shiga. Ta nemi ta ga wace sikana ce ke wannan aiki, tsarin ya nuna mata suna ɗaya tilo, wanda ita ta rubuta.

Ta sami Baba a tebur ɗinsa ta nuna masa jerin. "Baba, ka san waɗannan?"

Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. "Me suka yi miki?"

"Ba su da kaya, Baba. Kuma ana haska su ranar da sito ke kulle. Kana kulle durowa kuwa?"

"Ina kullewa."

"Duka huɗun suna ciki?"

"Uwata," ya ce, yana tura mata takardar, "ki bar su. Ba su tare wa kowa hanya ba."

Ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba tun da ta yi wayo, don haka ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauka irin camfin tsofaffi ne, ya ga abin da bai gane ba ya ce a ƙyale.

Magana kuwa ba ta kwana a sito. Kafin mako ya zagayo, 'yan dako sun gama yanke hukunci cewa mutanen ɓoye ne ke nasu lissafin kaya. Dogo ya tare ta a bakin ƙofa, babu wasa a fuskarsa. Ya ce jiya da hutu ya dawo ɗaukar wayarsa da ya manta, ya leƙa ta tagar baya, ba kowa a ciki sai tantabaru, amma ya ji ƙit daga can layi na goma sha biyu, inda ƙwan fitila ya mutu. Ya tsaya. Ya sake jin ƙit, wannan karon kusa da banɗaki. "Injiniya, wallahi ko wayar ban ɗauka ba. Ke kika kira su, ke za ki sallame su."

Ta yi masa dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da rana tsaka ta ɗauki tocilar wayarta ta shiga layi na goma sha biyu ita kaɗai. Wurin da sanyi ko da rani, sai warin roba da kashin tantabaru. Ta duba kanta biyar sama da ƙasa, ba sitika mai tara biyu ko ɗaya. Tana juyowa kwanon rufi ya yi ƙara saboda zafin rana, ta ji kamar wani ya taka a bayanta. Ba gudu ta yi ba, amma tafiyar da ta fito da ita ba ta mai natsuwa ba ce.

Abin da ya karya mata zuciya shi ne lamba ɗaya, mai ƙarewa da bakwai. Ita wannan ba a haska ta da Lahadi, ba a haska ta da hutu. Sau ɗaya ne a rana, wajen takwas da 'yan mintoci. Injiniya ta zura wa jerin ido, sai ta ga ranar Talatar da ta makara a asibiti da ɗanta, an haska lambar ƙarfe goma sha ɗaya saura. Kwana ukun da ta yi tana zazzaɓi a gida, ba a haska ta ba sam. Ta ɗauko littafin da ake sa hannu a ƙofa ta jera su gefe da gefe. Minti ɗaya, minti biyu, ba ya wuce haka bayan shigowarta. Ta rufe littafin. Koma mene ne wannan, ya san lokacin da take shigowa, kuma kullum sai ya rubuta.

Ranar Juma'a manaja ya kira ta ofis. Masu kamfani za su turo mai bincike ranar Litinin, kuma an riga an kai musu gulmar lambobin. "Hajiya, ni ban yarda da aljanu a kwamfuta ba. Amma in mutumin nan ya ga lamba arba'in da uku ba kaya, zai ce ana fitar da kaya ta bayan gida. Za su cire manhajarki su sa tasu, kuma kin san wa za a fara tambaya, tunda makulli a hannunsa yake."

Ta san wa za a fara tambaya. Ta koma kan kwamfuta, ta zaɓi duka arba'in da ukun. Allo ya tambaye ta ko ta tabbata, tambayar da ita ta rubuta da hannunta. Ta ce ta tabbata. Ranar Asabar da safe sikana suka haɗu da kwamfuta kamar kullum, kowace ta share abin da aka ce ta share, da lambar da duk abin da ke rataye da ita. Ita ta tsara hakan tun farko, don kada cikin sikana ya cika da tarkace. Gaskiya ta ji sanyi a ranta ranar, har ta saya wa 'yan dako lemo.

Ranar Litinin Injiniya ta iso takwas saura, ta tarar da mutane cirko-cirko a bakin sito, ƙofa a kulle. Dogo ya ce tun da yake bai taɓa riga Baba zuwa ba. Ta kira Gwaggo, Gwaggo ta ce ai tun bakwai saura ya fita da hularsa da makullansa, sai dai jiya duk yini bai ci abin kirki ba, yana ta zagaye gida kamar mai neman allura. Injiniya ta kashe wayar. Ta rataya jakar kwamfutarta ta bi hanyar gidansu da ƙafa, tana duba kowane lungu.

A mararrabar da ke bayan gidan mai ta hango shi. Yana durƙushe a gindin falwayar wuta, mutane biyar ko shida sun tsaya nesa suna kallo, wata mai shago tana cewa tun ɗazu yake nan, ko a kira 'yan uwansa. A hannunsa sikana ce, ta ɗaya, wadda ya kamata a ce tana durowa. Ya haska gindin falwayar, ta yi dogon kukan nan. Ya goge wurin da hannun riga, ya sake haskawa, ta sake yi. Injiniya ta matso ta ga sitika a can ƙasa ta hagu, taƙi ɗaya daga ƙasa, daidai inda Baba ke manna wa kowane kwali. Lambar ta fara da tara biyu.

"Baba," ta ce. "Baba, tashi mu tafi."

Ya ɗago ya dube ta. Kallo ne na mutunci, irin wanda yake yi wa mai sayen kaya da bai taɓa gani ba. Idonsa ya sauka kan jakar da ke kafaɗarta, fuskarsa ta ɗan saki. Ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Ba ni izini," ya kama gindin jakar ya ɗaga, ya haska can ƙasa ta hagu, inda ita ba ta taɓa dubawa ba. Sikana ta yi dogon kuka. Ya karanta allon, ya saki jakar a hankali.

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Na ɗauka wata ce."

Nan ta zauna a bakin kwalbati a gaban mutane. Kullum da safe takan ajiye jakar nan a benci a bakin ƙofa ta sunkuya ta sa hannu a littafi, kuma kullum takan ji ƙit a bayanta, amma a sito wa ke juyawa don ya ji ƙit? Sai bayan ƙit ɗin ne Baba yake cewa, "Uwata, kin iso?"

Gwaggo ce ta zo ta tafi da shi gida. Ita ya gane muryarta, da yake tun suna yara ya san ta. Da Injiniya ta shiga gidan da idon nema, sai ga sitika masu tara biyu ko'ina: ƙasan ƙofar ɗakinsa, ƙasan ƙofar banɗaki, gindin buta, bayan kwalbar maganinsa, bayan hoton mahaifiyarta. Gwaggo ta riƙe baki ta ce, "Ni na ɗauka aikinku ne ya biyo shi gida, 'yar nan. Kullum yana zaune yana danne-danne da yatsa ɗaya, in na yi magana ya ce in ƙyale shi yana shigar da kaya." A sito ma ta same su, ba a kantar kaya ba, a ƙasan ginshiƙai da ƙofofi, da bayan kujerar motar Dogo. Da hutu ba fita yake ba, kulle kansa yake a ciki yana bita.

Ta buɗe ajiyar kwamfuta ta dawo da lambobin cikin minti biyar. Lambobin kawai. Abin da ya rubuta a ƙarƙashin kowace, a cikin sikanarsa kaɗai yake, kuma ya tafi tun Asabar. Ta kwana uku tana tonon cikin na'urar ta kowace hanya da ta sani, ta kai wa wani da ya fi ta sani, ya duba ya girgiza kai. Ta tsani kanta a kwanakin nan, tsana ta gaske, ko madubi ba ta son gani.

Mai bincike kuwa tun kafin ta dawo da lambobin ya zo, ya ga tsari fes, ya yaba. Manaja ya zo gida da kansa ya gaishe da Baba, ya karɓi makulli da hannu biyu, ya ce sikana ta ɗaya a bar masa, kamfani ya yafe.

Injiniya ta zauna ta sake rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Ta falwaya ta sa, "Juya dama, gida na uku." Ta kwalba ta sa, "Ƙwaya ɗaya bayan karin safe." Ta motar Dogo ta sa, "Dogo, direba, yana da tsokana." Baba ya bi su yana haskawa, ƙit, ya karanta, ya gyaɗa kai ya wuce. Bai yi musu da ko ɗaya ba, har ta hoton matarsa.

Mai ƙarewa da bakwai ta bari ƙarshe. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, daga baya ta bar shi a taƙaice: "Uwata. 'Yarka ce." Da hantsi ta same shi a tsakar gida a kan tabarma, ta ajiye jakar a gabansa ta juya masa gindinta, ta durƙusa tana jira. Ya haska. Ƙit. Ya kawo allon kusa da ido ya karanta, ya danna maɓallin ƙasa don ya ga ci gaba, ba ci gaba. Ya sake dannawa.

"An taɓa wannan," ya ce.

"Ba daidai ba ne, Baba?"

"Na da ya fi haka yawa. Sai na danna sau huɗu nake kai ƙarshensa." Ya dube ta da damuwa, kamar mai ba baƙuwa haƙuri. "Na daɗe ina rubuta shi. Kullum in na tuna wani abu nata sai in ƙara."

"Me ka rubuta, Baba? Faɗa mini ko kaɗan ne, in mayar maka."

Ya sake duban allon, yatsansa a kan maɓallin.

"Ai shi ya sa na rubuta," ya ce.